Rubutun Ƙasan Hoto

Mai gyara ya ɗora kwamfutar a kan kanta, ya ɗaga murfin, ya juyo da ita wajen Malama, ya ce ta duba da idonta, ko hoto ɗaya bai salwanta ba. Yana maganar yana goge allon da hannun rigarsa, kamar mai jiran a yaba masa.

Malama ta ajiye jakarta a kan wani kwali cike da matattun wayoyi, ta gyara zaman tabarau a hancinta, ta sunkuya. Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar bene, a layin masu gyaran waya da kwamfuta, ga warin dalma ga kiɗan da ke tashi daga shagon maƙwabta. Hotunan kuwa suna nan, dubbai, jere reras a cikin sabuwar manhajar, fara tas kamar ɗakin asibiti. Ta taɓa ɗaya ya buɗe. Maigidanta ne a wani fili, tsaye kusa da na'urar awonsa mai ƙafa uku, ya ɗaga hannu yana yi wa wani bayani, baki buɗe kamar kullum. Ta kai ido ƙasan hoton, babu komai. Ta buɗe na gaba, ta buɗe na gabansa. Inda ta saba ganin rubutu farin fili ne kawai, sai kwanan wata, shi ma na jiya ne. Hoton aurensu na jiya ne, hoton 'yarsu tana rarrafe na jiya ne.

"Ina rubutun?" in ji ta.

"Wane rubutu, Mama?"

"Wanda ke ƙasan kowane hoto. Da sunayen mutane."

Hannun mai gyara ya tsaya cak a kan allon.

Mijin Malama ma'aikacin awon filaye ne, shi ya sa kowa ke ce masa Safiyo, har ita ma in tsokana ta tashi. Mutum ne da Allah ya yi wa baki. In ya fita sayen burodi sai shayi ya huce a sake ɗumama shi, yana can yana ba mai shago labarin wata rigimar iyaka da aka yi tun kafin a haifi mai shagon. Da ya yi ritaya ya rasa abokan aikin da zai riƙa cika wa kunne, sai ya sayi kwamfuta ya juye surutun a cikinta. Ya bi dangi gida-gida, nasa da nata, yana karɓo tsofaffin hotuna daga ƙasan akwatuna, ya yi musu sikanin, wato ya kwafe su cikin kwamfutar, ya mayar wa masu su. Kowace fuska ya sa mata suna. Kowane hoto ya rubuta masa wani abu a ƙasa, kuma ba irin rubutun ofis ba. Yadda yake magana haka yake rubutu, da tsokana, da kwana-kwana, da "af, na manta ban faɗa ba". Shekaru ya kwashe yana wannan aiki, Malama tana yi masa ƙorafin zai kashe idonsa a kan mutanen da suka daɗe a ƙasa.

Bara ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Yana jin komai, yana gane komai, idanunsa na nan da wayonsu, amma in ya buɗe baki sai iska da wani ɗan gurnani. Rubutun ma ya bi maganar: in aka sa masa biro a hannun hagu sai ya yi ta juya shi, haruffan su ƙi zuwa. Likitar da ke koya masa magana ce ta ba da shawarar a riƙa nuna masa hotuna ana kiran sunayen mutane. Tun daga nan, kowace yamma in Malama ta dawo daga makarantar firamaren da take koyarwa, sai ta zauna kusa da kujerarsa, ta buɗe hoto, ta karanta abin da ya rubuta a bayyane. Bai taɓa maimaita ko suna ɗaya ba. Amma yakan fara dariya tun ba ta kai ƙarshen jimla ba, don ya san inda zancen zai ɓulle. Ita kuwa, ko da yake ba ta gaya wa kowa ba, ta daɗe da daina yi don likita. Wannan sa'ar ce kaɗai muryar mutumin ke dawowa gidan, ko da ta bakinta ne.

Sai kwamfutar ta fara gardama. Ta daskare, ta mutu ana cikin kallo, ta ɗauki lokaci kafin ta tashi. 'Yarsu, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta ce a waya ai tsohuwar manhajar ma masu ita sun daina kula da ita, gara a kai wa mai gyara ya wanke kwamfutar ya mayar da hotunan cikin sabuwa tun kafin a wayi gari babu komai. Malama ta ga gaskiyarta. Ranar da ta kawo, sai da ta riƙe hannun mai gyara tana nanata masa: hotuna, don Allah hotuna, komai ya tafi amma ban da hotuna.

Yanzu mai gyara yana yi mata bayani, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya ce tsohuwar manhajar ba a jikin hoto take ajiye rubutu da sunaye ba, wata ma'ajiya gare ta daban, a wani lungu na faifan kwamfutar. Shi foldar hotuna ya kwafe, ya duba ya sake dubawa, sannan ya goge faifan ya ɗora sabbin kaya. Akwai hanyar da ake sa tsohuwar ta liƙa rubutun a jikin kowane hoto kafin a kwashe, amma sai mutum ya san akwai rubutun. Bai buɗe manhajar ba, saboda ba ya son leƙen hotunan iyalin mutane.

"Hotuna kika ce, Mama," ya faɗa a hankali. Ba gardama yake ba, roƙo yake.

Ta so a ce ƙarya yake yi, da ta sami abin kamawa. Amma ta tuna bakinta yana faɗin kalmar, ta tuna har yadda ta ji daɗin cewa ta yi bayani sarai. Ta nemi wurin zama, ya janyo mata wata kujera mai karyayyen baya.

Shi da kansa ya rufe shagon ya ɗauki kwamfutar, ya ce su hau sama wurin wani da ake kira Injiniya, wanda aikinsa ke nan, tono abin da aka goge. Suka hau matakala mai duhu, suka bi wani dogon baranda da aka cika da kwalaye. Injiniya dattijo ne siriri mai furfura a gemu, ba ya ɗaga kai in ana yi masa magana. Ya saurara, ya tambayi ko an ɗora wani abu a kan faifan bayan gogewar. Da mai gyara ya ce an ɗora, har da hotunan ma an mayar, sai dattijon ya ja numfashi ta hanci, ya kwance faifan, ya jona shi da wata na'ura, ya ce ta zauna, abin zai ɗau lokaci, kuma kada ta sa rai.

Ta zauna a benci a bakin ƙofa. Wani layi kore yana jan ciki a allon Injiniya, sai ka rantse ba ya motsi. Ta kira maƙwabciyar da ta bar wa maigidan, ta ce za ta ɗan yi latti. Rana ta juya ta shigo barandar, ta matsa, ranar ta biyo ta. A ƙasa kasuwa na ta harkarta, ana ciniki ana dariya, wani yana gwada lasifika da kalma ɗaya yana ta maimaitawa.

Can wayarta ta yi ƙara. 'Yar ce, tana tambaya ko an gama, ko kwamfutar ta yi sauri yanzu. Malama ta gaya mata. Yarinyar ta ce ai an gode Allah hotunan suna nan, su ne masu muhimmanci, in ta zo hutu sai su zauna su sake rubutawa.

"Wa zai faɗa mana?" in ji Malama. "Dangin babanki na wajen uba, ke kin san su? Ni ma ban san rabinsu ba. Gwaggonki ce ta sani, ita kuma kin san inda take."

"Umma, ai ke kin karanta su sau da yawa."

"Na karanta."

Daga nan yarinyar ta fashe da kuka, tana cewa ita ce ta jawo, da ta yi shiru da bakinta da ba a kai ga haka ba. Malama ta tsinci kanta tana rarrashi, tana cewa ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya so, ta share hawayenta kada mijinta ya dawo ya gan ta haka. Ta kashe wayar. Ita ba ta sami wanda za ta yi wa kukan ba.

Sai da rana ta yi sanyi Injiniya ya yafito ta. Ya ce ma'ajiyar ta tafi, sabbin kaya sun hau kanta. Malama ba ta buƙaci ƙarin bayani ba, ta san yadda allon aji yake in an goge darasin safe an rubuta na rana a kai. Ya ce ɗan guntu kawai ya tsira, ya nuna mata. Allon cike yake da tarkacen alamomi, akwatuna da ɗigogi da haruffan da ba na kowane harshe ba, amma nan da can, a tsakiyar tarkacen, ga maganar mutum.

"...ba kuka take ba, wai albasa ce, in ji ta, alhali ko wuƙa babu a hannunta..."

"...na tsakiya shi ya koya mini keke, shi ne kuma ya kai ni asibiti a ranar, saboda haka ba na binsa ba ya bi na..."

"Malama ke nan ranar da ta rantse ba za ta ƙara yi mini magana ba. Ta daure har"

Nan ya yanke. Ta tambaya ko za a iya sanin wane rubutu ne na wane hoto. Injiniya ya girgiza kai, ya ce igiyar da ta ɗaure su ita ce ta fara tsinkewa. Ya buga mata abin da ya samu a takarda, bai cika shafi ɗaya ba. Mai gyara ya mayar da faifan, ya rako ta har bakin titi yana riƙe da jakar kwamfutar, yana ba ta haƙuri har sai da ta ce masa ya isa, ya koma shagonsa.

A cikin bas ta sami wuri a jikin taga, ta ɗora jakar a cinya. Ta gwada kanta. Ta ɗauki hoton da ta fi sani, na ranar da motarsu ta farko ta mutu a kan gada suka tura ta su biyu, tana da tsohon ciki. Ta san labarin, ai da ita aka yi. Ta san ya rubuta wani abu game da takalminta. Amma yadda ya faɗe shi, inda ya saka kalmar da ke sa ta dariya duk lokacin da ta karanta, wannan ya ƙi zuwa. Ta jera jimlar a ranta ta wannan hanya, ta sake jerawa ta waccan, kowace ta fito da muryarta ita, muryar malamar aji, daidai kuma babu gishiri. Ashe duk karatun nan ba ta haddace komai ba, don ba ta taɓa zaton za ta buƙata ba. Matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko lafiya. Ta ce ƙura ce ta shiga idonta.

Kafin ta sauka ta yanke shawarar za ta ce ba a gama gyaran ba. Gobe ma ta ce haka, jibi ma, har Allah ya kawo dabara. Amma da ta tura ƙofar falo, kujerarsa na fuskantar ƙofar, idonsa bai tsaya a fuskarta ba, kan jakar ya sauka. Maƙwabciya ta tashi tana gyara mayafi, ta ce tun rana yake nuna mata ta juyo da shi nan. Ta yi musu sai da safe ta fita.

Ya ɗaga hannun hagu ya bubbuga ɗan teburin da ke gefensa.

"Bari in sha ruwa tukuna," in ji Malama.

Ya sake bubbugawa. Ta daɗe da zama da mutumin nan, ba ta taɓa iya yi masa ƙarya ya kasa ganewa ba, ko lokacin da yake da bakin da zai kama ta da shi. Ta janyo kujerarta, ta buɗe kwamfutar. Kwamfutar ta tashi nan take, babu gardama. Ya dubi sabuwar manhajar ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya sa yatsa ya buɗe hoto. Ya ja ƙasa. Ya sake ja. Ya buɗe wani, ya ja ƙasa. Sai ya juyo ya dube ta.

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba, har da kalmar da ta nanata wa mai gyara. Yana saurare, idonsa a kan bakinta. Da ta gama bai yi gurnanin nan nasa ba, bai bugi komai ba. Ya mayar da kai jikin kujera ya lumshe ido, ƙirjinsa na hawa da sauka. Da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

Shirun ya yi mata nauyi, sai ta kama magana da sauri-sauri, ta ce ai ba a rasa duka ba, sabuwar ma tana gane fuskoki, za su fara daga farko, ita tana rubutawa shi yana gyara mata da kai. Ta buɗe sashen mutane. Fuskoki ne a cikin ƙananan da'irori, layi bayan layi, kowace da fili a ƙasanta tana jiran suna. Ta rubuta nata, ta rubuta na 'yarsu, na marigayiya yayarsa, na ƙannenta. Ya buɗe ido yana kallo. Sai suka iso kan wani dattijo mai faɗin goshi da tabo a gira, wanda manhajar ta ce yana cikin hotuna masu yawa. Malama ta san ta sha karanta sunansa. Ta san akwai wani labari game da shi da agogo.

Safiyo ya miƙe zaune. Ya nuna fuskar, leɓɓansa suka fara rawa. Ya tattaro duk ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya tura, iska ta fito. Ta ce baffanka ne? Ya girgiza kai. Kawunka? Maigidanka na wurin aiki? Mijin gwaggo? Kowanne ya girgiza kai, yana ƙara ƙarfi, har ya daki hannun kujera. Sunan yana nan a bayan idanunsa, tana ganinsa kamar mutum a bayan gilashi. Miyau ya zubo ta gefen bakinsa, ta sa hankici ta goge, ya kau da kai. Ta tsallake dattijon.

Daga nan manhajar ta kawo fuskoki biyu gefe da gefe. Ta hagu Safiyo ne shekarun baya, ya ɗaga kai yana ƙyaƙyata dariya, haƙora duk a waje. Ta dama daga hoton da 'yarsu ta ɗauka ne zuwanta na ƙarshe: a wannan kujerar, kunci ɗaya ya zubo, ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, an gyara masa kwalar riga. A ƙasa an rubuta tambaya, shin mutum ɗaya ne, da wurin danna e da wurin danna a'a.

Malama ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ka ji shirmen na'ura. Ta kai yatsa za ta danna e.

Ya kama wuyan hannunta. Riƙon ba mai ƙarfi ba ne, amma bai saki ba sai da ya mayar da hannun kan cinyarta. Sannan ya miƙa nasa yatsan, ya bi a hankali ya wuce e, ya tsaya, ya daidaita, ya danna a'a.

"Kuskure ka yi," in ji ta. "Bari in mayar."

Ya dube ta, ya girgiza kai sau ɗaya.

Manhajar ta raba fuskokin, kowace ta koma da'irarta, kowace da filin suna a ƙasa. Malama ta daɗe tana kallonsu. Ta sa hannu ta rubuta Safiyo a ƙarƙashin mai dariyar. Ɗan layin rubutu ya tsallaka fili na biyu ya tsaya yana ƙyaftawa. Ta juya ko zai nuna mata wani abu, amma ya riga ya mayar da fuskarsa wajen taga, inda hasken yamma ke janyewa daga jikin labule.

Ta rufe murfin a hankali. Ta tashi ta ɗauko kwalbar maganinsa da kofin ruwa, ta dawo ta durƙusa a gabansa, ta ce lokacin magani ya yi. Ya buɗe baki.